Yadda Lelya Velichka Ta Binne Itacen Inabi

Duk wanda ya taɓa zama a gininmu, lamba goma sha huɗu a unguwar ma'aikata ta garin Svishtov, ya san muryar Lelya Velichka, wato Gwaggo Velichka, tun kafin ya san fuskarta. Shekara ashirin da shida ta yi tana tuƙa injin ɗaga kaya, can sama cikin ɗan akurkin ƙarfe, tana ƙwala wa maza ihu a ƙasa. Da ta yi ritaya ba wanda ya sanar da maƙogwaronta cewa aiki ya ƙare. In ta gaida maƙwabciyarta a hawa na takwas, mu da ke hawa na huɗu mukan amsa.

Ita ta ɗora ginin da hannunta, a shekarar 1979. Bango-bango ake kawo shi a kan tirela, kowane bango da ramin tagarsa a jiki, ita kuma ta ɗaga ta ajiye, masu walda su haɗa. Da aka gama sai aka saka mata da gida a cikinsa, can ƙololuwa, a kusurwar arewa mai kallon kogin Danube, barandarta kaɗai ke duban kudu. Mutane suka yi ta taya ta murna, ita kuwa ta san abin da aka ba ta.

"Ranar Juma'a da yamma aka haɗa kusurwar nan," haka takan ce. "Masu walda suna sauri su je shan giya. Ina sama ina kallonsu. Da na san ni zan kwana a ciki, ai da na sauko musu da ƙugiya."

Ni Lyuben nake, mai gyaran takalma, manyan gininmu kuwa Lyubcho suke kirana. A ginin nan na girma, a nan na yi aure, a nan sanƙo ya same ni. Na shiga gidan Lelya Velichka sau ba adadi, kuma ban taɓa cire kwat a ciki ba in hunturu ya kama. Iskar kogi takan bi ta tsakanin bango da bango ta shigo ta kaɗa labule alhali taga na rufe. Ta rataya darduma biyu a bangon ɗakin kwananta, ta liƙe tagogi da takarda da sabulu kowace kaka, duk a banza. Bayan dardumar nan fumfuna ce baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa. Mijinta Marin ya rasu yana tari, ita ma ta gaji tarin.

Hunturun da ta cika saba'in sanyi ya kama mata haƙarƙari, ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. 'Yarta tilo, Desislava, da muke kira Desi, wadda ke aikin jinyar tsofaffi a Sifen, ta taso a gigice. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar magani lokacin da ta ɗaga darduma ta ga bangon.

"Mamo, a cikin wannan kike kwana?"

"Yo a baranda zan kwana?"

"Ba wasa nake ba. Ina can ina wanke iyayen wasu, tawa tana ruɓewa a nan. Sabuwar shekara mai zuwa zan dawo da akwatuna. In na taɓa bangon nan na ji ruwa, ƙafata ƙafarki, gidan kuma a sa shi a kasuwa."

Bayan Desi ta fita sai Lelya Velichka ta dube ni ta ce, "Lyubcho, me zan je yi a can? Ko 'ba ni ruwa' ban iya da yarensu ba. Kabarin Marin wa zai share?" Na ji tausayinta har na rasa inda zan sa idona.

Abin da ya hana ta karaya shi ne tallafin gwamnati da aka buɗe a wancan lokacin. An ce za a yi wa tsofaffin gine-gine irin namu riga: a liƙa wa bango farin soso mai kauri ta waje a yaɓe shi, a canza tagogi, a gyara rufi, ba tare da mai gida ya ba da ko sisi ba. Sharaɗi ɗaya ne mai wuya, sai kowane mai gida ya sa hannu ya yarda magina su shiga barandarsa. Gida arba'in da takwas ne a gininmu. Lelya Velichka ce shugabar gini, ba don mun zaɓe ta da ƙauna ba, sai don ba mai son ya riƙa rigima da mutane a kan ƙwan fitilar matakala.

Tun kafin ta kwanta ciwo ta fara zagaye da fayil ɗinta mai ruwan ƙasa, da ta tashi kuma ta ci gaba. Ta sha wuya. Wasu suka ce gwamnati ba ta taɓa ba da kyauta ba, wannan dabara ce ta ƙwace gidaje. Wani a hawa na biyu ya ce soson zai hana bango numfashi. Ta ce masa, "Bangon naka shekara talatin da bakwai yana numfashi, me ya tsinana maka in ban da mura?" Gida goma sha ɗaya masu su suna ƙasashen waje, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya, ta hanyar uwayensu da surukansu, har wani mai tuƙa tirela a Jamus ya aiko da takardarsa yana roƙon a gaya mata ta daina kiransa yana tuƙi. Zuwa farkon Fabrairu tana da arba'in da bakwai. Ƙarshen watan za a rufe karɓar takardu.

Saura Bai Stamen na hawan ƙasa.

Bai Stamen ("Bai" laƙabin girmama babba ne a wajenmu) dattijo ne mai shekara saba'in da takwas, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mara hayaniya. Ranar da ya tare a ginin ya zo da ɗan reshen inabi naɗe cikin jiƙaƙƙiyar safa, daga tsakar gidan mahaifinsa a ƙauye. Ya dasa shi a gindin bangon kudu. Reshen nan ya zama itace mai kaurin cinyar mutum, ya hau baranda bayan baranda har hawa na biyar. Da bazara yakan yi mana inuwa, da kaka kowa ya miƙa hannu daga barandarsa ya tsinka. Ƙauyen nasu yanzu ba kowa, gidan ya rushe, uwar itacen ta bushe tuntuni. Injiniyan da ƙaramar hukuma ta turo ya zagaya ginin, ya nuna itacen da biro ya ce dole a sare, ba inda za a kafa ƙarafunan da magina ke hawa. A gaban Bai Stamen ya faɗa. Dattijon ya juya ya shige gida, tun daga ranar in ya ga fayil mai ruwan ƙasa sai ya tsallaka titi.

Muka fusata, ni ma a ciki. Mutum ɗaya zai hana gida arba'in da bakwai jin ɗumi saboda inabin da ko zaƙin kirki ba shi da shi! Haka muka riƙa faɗa a kan benci, mu da muka shekara talatin muna cin inabin.

Sai ranar Waliyyi Trifon ta zo, sha huɗu ga Fabrairu, ranar da ake yi wa inabi aski. Kowace shekara Bai Stamen yakan sa farar riga da safe, ya zuba wa gindin itacen giyar inabi, sannan ya ɗauki almakashinsa ya bi gida-gida. Dole sai ta cikin gidajenmu zai kai ga rassan. Kowa yakan buɗe masa, ya fita baranda ya datse abin datsewa, a ba shi ɗan kofin giya da yankan nama, ya wuce sama. Kafin ya kai hawa na biyar yakan fara waƙa.

A wannan shekarar muka haɗa baki ba wanda zai buɗe. Ba Lelya Velichka aka yi shawarar da ita ba. Na ji lokacin da ya danna ƙararrawa a hawa na biyu, shiru. Na uku, shiru. Ya iso tawa. Ina tsaye a bayan ƙofa ina leƙensa ta ɗan ramin gilashi, da farar rigarsa da almakashi a hannu. Ya danna sau biyu, ya gyara wuyan riga, ya jira. Mutumin nan shi ya koya mini hawa keke. Ban buɗe ba, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Sai ga muryar nan daga sama, tana saukowa da tarinta.

"Wane ne ke ta danna ƙararrawa ba a buɗewa? Duk sun mutu ne? Lyubcho! Ina ganin inuwar ƙafarka ta ƙarƙashin ƙofa, mara kunya!"

Na buɗe, kaina a ƙasa.

"Wa ya koya muku wannan? Ni na ce ku wulaƙanta dattijo ranar idi? Sa hannu nake nema, ba hawayen mutum ba." Ta juya wajensa. "Bai Stamen, taho muje sama. Ni inabinka bai taɓa zuwa barandata ba, amma kofi ina da shi. Kai kuma biyo mu, ka riƙe masa hannu, lif ta sake mutuwa."

Shekara talatin da bakwai suna gini ɗaya, bai taɓa zuwa hawa na takwas ba, don itacen bai kai can ba. Ya shiga yana haki, ya zauna, sai na ga ya ja rigarsa ya rufe ƙirji. Hita biyu na ci a ɗakin amma numfashinmu na fita kamar hayaƙi. Ba ta yi masa maganar takarda ba. Ta dai ɗaga dardumar don ta ɗauko kwalbar giya a bayan gado, ya ga bangon. Ya tashi ya ɗora tafinsa a kai, ya duba hannun, ya goge a wando.

"Velichka, ban san haka abin yake ba."

"To yanzu ka sani. Desi ta ce in bangon bai bushe ba zuwa sabuwar shekara, Sifen za ta kai ni in mutu ina cin lemo."

Ya koma ya zauna. Ya daɗe yana jujjuya almakashi.

"Ba taurin kai ba ne," ya ce. "Shi kaɗai ya rage mini daga gidanmu. Ko hoton babana ba ni da shi. In na sa hannu, ni na sare shi."

"Na sani. Da ni ce ma ba zan sa ba." Ta zuba masa. "Amma gaya mini, ƙauyenku ai ya fi nan sanyi. Shekarar da kogi ya daskare har ana tsallakawa da ƙafa, ya aka yi inabin babanka bai mutu ba?"

"Binne shi muke yi mana. Duk kaka, in ganye ya zube, a kwance shi daga rumfa, a kwantar a rami, a rufe da tattaka da ƙasa. Bazara ta yi a tono."

Ta ajiye kwalbar a hankali.

"To me ya hana a binne wannan?"

"Haba Velichka. Wancan tsayinsa bai wuce rumfa ba. Wannan hawa biyar ne. Wa zai sauke shi bai karye ba?"

"Bai Stamen, dube ni da kyau. Bangon da kake jingina da shi ɗin nan tan huɗu ne, kuma ni na ajiye shi ko ɓantarewa bai yi ba. Itacenka ne zai gagare ni?"

Bai sa hannu ranar ba. Ya ce sai injiniya ya rubuta a takarda cewa ba za a sare ba. Kwana uku Lelya Velichka tana zarya ofishin injiniyan, wani saurayi mai suna Kalchev, har ya fara ɓuya a bayan gida in ya ji muryarta. Ya ce ba a taɓa yin haka ba. Ta ce shi ma ba a taɓa haifarsa ba kafin a haife shi. Ya ce ba za a buga ƙusa a sabon bango ba. Ta ce ba ta nemi ƙusa ba, waya za a ja a jikin ƙarfen baranda. Ya gaji ya rubuta, har ta sa ya ƙara cewa da bangon arewa za a fara, na kudu ya zo ƙarshe. Ranar ashirin da shida ga wata Bai Stamen ya sa farar rigarsa ya hau har hawa na takwas ya sa hannu a kan teburinta.

Amsar gwamnati ta fito da damina ta yi nisa, ɗan kwangila ya ce zai kafa ƙarafuna farkon Nuwamba. Muka ci inabin wannan shekarar kamar masu bankwana. Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba, bayan ganye ya zube, muka fito aiki. Bai Stamen ya riga ya tone gefe ɗaya na gindin don ya samu ya kwanta, mu kuma mun haƙa rami mai tsawo a lambun gaban gini, ya bi ta bayan benci ya lanƙwasa wajen igiyar shanya. A kowace baranda mutum biyu da igiya. Lelya Velichka ta tsaya a tsakiyar fili da tsohuwar hular kwanonta ta aiki, wadda ba mu san tana ajiye da ita ba.

"Ku saurare ni!" ta ce. "Shekara ashirin da shida ina sama ina bin hannun maza. Yau ku ne a sama. In na buɗe tafi, ku saki kaɗan. In na dunƙule, ku tsaya cak ko da gidanku na cin wuta. 'Yan hawa na biyar, bismillarku, a hankali!"

Muka kwance rassan daga ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, muka ɗaure da tsumma don kada igiya ta ci ɓawon. Itacen ya fara rabuwa da bango yana ƙara, Bai Stamen na gindinsa ya rungume shi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Awa huɗu muka yi. Komai ya tafi daidai sai a wajena. Hancina ya yi ƙaiƙayi, na saki igiya da hannu ɗaya daidai lokacin da ta dunƙule hannu. Muka ji ƙas! Babban reshe ɗaya ya tsage.

"Lyubcho! Hannun nan da kake ɗinka takalmi da shi, na aro ne?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai Stamen ya zo ya duba tsagar, ya shafa mata kakin zuma, ya naɗe da ƙyalle. Ya ɗago kai ya ce, "Bar shi, Velichka. Tun yana yaro haka ya faɗa da kekena cikin kwata." Kowa ya yi dariya, ni ma na samu na yi numfashi. Muka kwantar da itacen a rami, muka rufe da tattaka da ƙasa. Mata suka kawo burodi da gasasshen tattasai, aka ci a tsaye.

Magina suka zo da hayaniyarsu da ƙurarsu. Lelya Velichka ta zame musu ƙarfen ƙafa, tana bin su da ido daga taga, in ta ga an bar tazara tsakanin soso da soso sai ta buɗe maƙogwaro. Kafin dusar ƙanƙara ta farko sun gama rufi da tagogi da bangon arewa. Ta cire dardumomin ta jefar, ta kankare fumfunar, ni na shafa mata farar ƙasa don in rage laifina.

Desi ta iso kwana biyu kafin sabuwar shekara da manyan akwatuna biyu babu komai a ciki. Ni na taya ta hawa da su. Ta shiga ko kwat ba ta cire ba, ta wuce ɗakin kwana kai tsaye. A waje iskar kogi na kaɗawa kamar kullum, labule kuwa ko motsi. Ta ɗora tafi a bango, ta matsa ta taɓa kusurwa, ta durƙusa ta taɓa can ƙasa bayan gado. Uwar na tsaye a bakin ƙofa da 'yar riga mai gajeren hannu, wadda na tabbata don gayya ta saka.

"To, likita, me kika gano?"

Desi ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka. Uwar ta zauna kusa da ita ta ja kanta ta ɗora a kafaɗa. "Cire kwat ɗin nan kafin ki suma," ta ce. Bayan mako guda akwatunan suka koma Sifen cike da kwalaben miyar tattasai da tsamin kokwamba.

Ƙarshen Maris aka kwashe ƙarafuna daga bangon kudu. Ginin ya fito ruwan ƙwai da fari, har masu tasi suna wuce shi ba su gane shi ba. Muka tono itacen, muka ɗaga shi da igiyoyin nan, wannan karon aka ba ni aikin riƙe tsani. Ya hau wayoyinsa baƙi, busasshe, ba alamar rai. Kwana goma sha biyu Bai Stamen yana zaune a kan benci yana kallonsa, ba ya ko zuwa sayen jarida. Lelya Velichka ma ta rage magana, don ta san in bai tashi ba ita ta yi masa alkawarin da bai cika ba. Rana ta goma sha uku da safe na fita baranda da kofina, sai na ga ruwa na ɗiga daga bakin wani reshe da aka datse, a gefensa kuma ɗan toho ja-ja kamar ƙwayar wake. Na yi ihun da ko ita sai da ta yaba. Reshen da na tsaga bai tashi ba, amma sauran duk sun yi.

Da aka zo aski na gaba ba ƙofar da ba a buɗe ba. Na bi shi har hawa na biyar ina riƙe masa jaka. A can ne kullum yake datse kan itacen don kada ya wuce. Ya kama reshe mafi ƙarfi ya duba, ya mayar da almakashi aljihu, ya ɗauko zare ya ɗaure shi yana kallon sama. Lelya Velichka ta leƙo daga barandarta, hawa uku a bisa kanmu.

"Bai Stamen, ka manta wancan!"

"Ban manta ba. Wajenki na aike shi."

"Yaushe zai iso?"

"Shekara uku. Ko huɗu, in an yi fari."

Ta kalli ɗan reshen, sannan ta gyara tsayuwa ta dafa ƙarfen baranda.

"Ya ɗauki lokacinsa," ta ce. "Ina nan, ba inda za ni."